Kifi da Madara a Gidan Nonna Gina

Seidu ƙanin mijina ya cuce ni, kuma ba zan sakaya sunansa ba. Mutanen Bawku sun san shi. Shi ne mai zuwa gida da babbar sallah da farin takalmi mai tsini, yana tafiya a hankali kamar ƙasar garin ba ta isa ta taɓa shi ba. Ya zauna a bencina a tashar lori, ya ci waakye, shinkafa da wake irin namu, faranti biyu da kan kifi, ya suɗe yatsunsa ya ce, "Matar yaya, hannunki lalacewa yake yi a nan. Na buɗe gidan abinci a Italiya, mai dafawa kawai nake nema."

A lokacin shekarata hamsin da ɗaya, mijina ya yi shekara uku da rasuwa. A Salaga aka haife ni, kuma a gindin kaskon uwata na koyi suyar kifi, wanda take tarowa daga bakin ruwa a Makango. Aure ya kai ni Yendi, fataucin shanu na mijina ya kai mu Bawku, a nan na yi shekara ashirin ina ciyar da direbobi. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yamma na manya, domin na gaji da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo, su kuma karanta wanda ban ce su karanta ba. Saboda haka wannan labarin da hannuna nake rubuta shi, kuma wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba tafiyar ba ce. Kafin in tashi na rabar da tukwanena a gaban jama'a. Babbar tukunyar waakye na ɗauka da kaina na tsallaka titi na dire wa Fati, wadda muka yi shekara goma sha wani abu muna harara a kan fasinjoji. Na ce, "Riƙe, ni na wuce nan." Duk tashar ta ji. Wanda ya faɗi irin wannan magana ba ya dawowa bayan wata shida ya ce a ara masa tukunya.

Zangona na farko wani ƙauye ne a bayan Napoli, inda ba abin da ido yake gani sai gonakin tumatir. Seidu ya buɗe wata ƙofa, na ga katifu a jere a ƙasa, da igiyar shanya, da risho mai kai ɗaya, da maza goma sha ɗaya suna kallona kamar an kawo musu ruwan sama.

Na ce, "Seidu, ina gidan abincin?"

Ya ce, "Ana kan gyara. Kafin nan ki riƙa dafa wa 'yan'uwa."

Wata biyu na yi ina dafa wa 'yan'uwa. Ba laifinsu ba ne, yaran kirki ne, da ɗan Kumasi da 'yan Burkina da wani ɗan Gambaga da yake kuka duk ranar da na yi miyar kuka. Amma fasfona yana aljihun Seidu, ya ce ajiya yake yi mini. Takardar da na shigo da ita ta wata shida ce, kuma kwanaki suna tafiya. Na tambaye shi da lalama sau uku. A karo na huɗu na ɗora mai a wuta, na bari ya yi zafi sosai, na ɗauko farin takalmin nan ƙafa ɗaya na riƙe shi a kan kasko da yatsu biyu.

Ya ce, "Matar yaya, wasa kike yi."

Na ce, "Yayanka ya taɓa gaya maka ina wasa da mai?"

Fasfo ya fito. Na ajiye masa takalminsa, na ɗaure jakata, ɗan Gambaga ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya sa ni a wanda zai yi arewa, domin ya ce a can ne aikin gidaje yake.

A Modena na sauka, ba don na san kowa ba, sai don a nan tikitin ya ƙare. Na zauna a benci da jakata tsakanin ƙafafu, sanyi yana shiga ta ƙarƙashin zane. Mutane ɗari suka wuce, ba wanda ya ce mini sannu. A Salaga ko akuya ce ta zauna haka a bakin hanya, wani zai tsaya ya tambayi ta wace ce. Can sai na ji wata mata tana zazzaga wa wani faɗa a waya da Dagbanci. Shekara tara na yi a Yendi, na san zagi idan na ji shi. Na miƙe na ce, "Dasiba," wato ina kwana. Ta kashe wayar ba ta yi sallama da mutumin ba.

Sunanta Ayishetu, 'yar Yendi, unguwarsu ma na san ta. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinta, amma zuciyarta ba gyara a ciki. Ta kai ni ɗakinta, ta ba ni rigar sanyi da ta kai mini gwiwa, ta dafa mini doya. Doyar kamar sabulu. Na tuna doyar Kpandai da take farfashewa tun a tukunya, na ci ina hawaye, ita kuma ta ɗauka daɗi ne ya sa ni kuka ta ƙara mini.

Sati uku ta yi tana koya mini kalmomin da za su hana a kore ni: ruwa, magani, zafi, sannu, na gane. Ta ce, "Mma Habiba, ko ba ka gane ba, ka ce ka gane. Daga baya ka kira ni." Ita ce kuma ta samo mini aiki a wani ƙaramin gari kusa da nan, wurin wata tsohuwa da ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Tsohuwar sunanta Gina, kowa yana ce mata Nonna, wato kaka. 'Yar ƙarama ce, a keken guragu, da idanu kamar na shaho. Tana da kyanwa ɗaya da 'ya ɗaya. 'Yar ita ce Madam Laura, ma'aikaciyar ofis, wadda ban taɓa ganinta ba makullin mota a hannu ba. Ta yi bayani, Ayishetu ta fassara: gwajin wata ɗaya. Idan ta gamsu, za ta sa hannu a takardar aiki, da ita za a sabunta mini izinin zama. Idan ba ta gamsu ba, ba ta faɗa ba, amma ni na ga tashar Bawku da fuskar Fati.

Babban abin da yake damun Madam shi ne uwarta ba ta cin abinci. Likita ya ce sai ta ƙara nauyi. Don haka ta liƙa takarda a jikin firij, abincin kowace rana da yadda ake yinsa, Ayishetu ta rubuta mini Hausarsa a ƙasa. Na sa tabarau na bi shi layi-layi da yatsa. Litinin ba matsala. Da na zo Talata sai na tsaya.

Ga abin da aka rubuta. A tafasa ruwa da gishiri a zuba taliya. A yanka albasa ƙanana a soya sama-sama. A yanka kifin salmon gutsi-gutsi a zuba, minti uku. A juye panna a kai. A kankare bawon lemon tsami kaɗan, a tsame taliya a haɗa a juya. Minti ashirin an gama. Talata da Juma'a.

Na buɗe firij. Kifin ja ne, jan lemo, ba kai ba ƙaya, kamar wanda bai taɓa shiga ruwa ba. Wannan ban damu ba. Taliya kuma a wurinmu ado ce da ake ɗora wa waakye a gefe, amma idan su sun mai da ita abinci, ruwansu. Sai na ɗauko ƙaramin kwalin da aka rubuta panna, na buɗe na shinshina na ɗanɗana. Madara ce. Madarar shanu mai kauri, irin saman nono.

Na kira Ayishetu. Na ce, "Kin yi kuskure a rubutunki. Kin sa a zuba nono a kan kifi."

Ta ce, "Ba kuskure, Mma. Haka suke ci."

"A tukunya ɗaya?"

"A tukunya ɗaya. Kowa a nan yana ci."

Na ce, "To ai shi ya sa duk suka koma wannan kalar."

Ta yi dariya har da tari, amma ni ba dariya nake yi ba. Ina da shekara bakwai uwata ta kama ni ina shan fura da nono bayan na ci kifi. Ta sa mini yatsa a maƙogwaro sai da na dawo da komai, sannan ta dake ni, sannan ta ja ni ƙofar wani dattijo a unguwarmu wanda fatar hannunsa da bakinsa ta yi fari dabbare-dabbare, ta ce in kalla da kyau. Kifi da nono ba sa haɗuwa a ciki ɗaya. Fata suke ɓatawa, wasu ma sun ce har kuturta. A Salaga an sani, a Yendi an sani, a Bawku ko direban da ya fi kowa haɗama ba ya sayen kifina ya tsallaka wurin mai fura.

Na je in gyara wa Nonna bargo, sai idona ya sauka a hannuwanta. Daga yatsu har wuyan hannu, tabo ne fari-fari, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar kobo, sun fi sauran fatar haske. Na ce a raina, Habiba, ga shi nan. Shekara nawa ake ɗura wa baiwar Allah wannan abu, kuma 'yar cikinta ce take yi.

Na zauna na yi tunani. Idan na ƙi dafawa, an kore ni. Idan na dafa, na ci amanar tsohuwa. Sai na tuna ƙullin agushi da na taho da shi daga kasuwar Bawku, wanda na ɓoye wa mazan Napoli a cikin matashin kai. Na jiƙa shi, na markaɗa a injin Madam har ya yi laushi, na tace da sabon kallabina. Ruwan ya fito fari tas, mai kauri. Wanda bai sani ba zai rantse daga saniya ya fito.

Kifin kuma ban yi masa minti uku ba. Minti uku ko gaisawa da mai kifi bai gama yi ba. Na bari ya soyu har gefensa ya yi ƙamas, na sa citta kaɗan da yaji a bakin cokali, na zuba ruwan agushi a kan wuta marar ƙarfi ina juyawa don kada ya dunƙule, na kankare lemon tsami yadda aka ce, domin ni ba mai saɓa umarni ba ce haka kawai. Duk wannan Nonna tana bakin ƙofar kicin a kekenta, tana kallo. Na ɗauka tsufa ya sa ba ta fahimtar abin da take gani.

Na ajiye mata faranti. Ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta dube ni. Na dube ta. Ta cinye tas, ta gutsuri burodi ta share farantin. Da Madam ta kira da yamma na ce mata da kalmomina 'yan kaɗan, "Nonna ta ci. Duka." Ta ce in maimaita.

Saura panna. Zubar da ita ba zai yiwu ba, ni'imar Allah ce, kuma Madam tana duba firij duk Asabar ta ga abin da ya ragu. Sai na yi abin da na ga matan Fulani suna yi a bayan kasuwar shanu ta Bawku. Na juye ta a kwalba, na toshe, na zauna ina girgizawa har ta tsinke ta ba da man shanu. Na wanke shi da ruwan sanyi na sa a gwangwani. Kowace safiya bayan na yi wa Nonna wanka, sai in lakato in kama hannuwanta in murza, yatsa bayan yatsa, ina karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da ya ɓata daga ciki, na ce, wataƙila ya gyara daga waje. Ita kuma ta miƙo hannu ta lumshe ido.

Wanda ya fi kowa murna da wannan magani kyanwa ce. Da ba ta kula tsohuwar, yanzu kuwa ba ta sauka daga cinyarta, tana lasar hannun kamar an biya ta. Madam ta gani ranar wata Asabar ta ce abin ya ba ta sha'awa, har ta ɗauki hoto.

Haka muka yi sati uku da kwana biyu. Kumatun Nonna suka fara cikowa. Tabon hannu bai tafi ba, amma ni a idona ya fara dushewa.

Ranar Talatar ƙarshe, wajen ƙarfe shida na yamma, ina cikin tace agushi sai na ji makulli a ƙofa. Madam ce, ba ta ce za ta zo ba. Ta taso daga aiki da takardar a jaka, ta ce za ta ci abinci da uwarta ta sa hannu. Ta sunkuya ta sumbaci hannun Nonna. Ta ɗago. Ta sake sunkuyawa ta shinshina. Sannan ta shigo kicin ta same ni da kallabi a hannu yana ɗigar da farin ruwa a kwano, ga kwalin panna a gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Ta buɗe firij ta ga gwangwanin man shanu a bayan tumatir.

Ta yi magana mai tsawo. Na ce, "Na gane."

Ta ce ban gane ba, in kira Ayishetu. Na kira, ta ajiye wayar a tsakiyar tebur ta buɗe murya.

Ayishetu ta ce, "Mma, Madam ya ce mene ne a cikin ɗankwali."

Na ce, "Ki gaya mata agushi ne, 'ya'yan guna, abincin mutane masu hankali. Ki gaya mata inda na fito ko mahaukaci ba ya zuba nono a kan kifi. Ki ce uwa ba abin wasa ba ce, wadda ta ɗauke ki wata tara ba a saka mata da ciwon fata."

Ayishetu ta faɗi kalma uku da Italiyanci ta yi shiru.

Na ce, "Ayishetu, maganata ta fi haka tsawo."

Ta ce, "Na ce masa iri ne mai kyau ga jiki. Sauran ka bari a cikinka, Mma, takarda muke nema."

Madam ta zaro takardar ta ajiye a tebur, ta ɗora biro a kai. Ta ce ba ta son mai yi mata ƙarya a gidan uwarta. Ta ce in dafa yanzu a gabanta yadda aka rubuta, ta gani da idonta cewa zan iya bin abin da aka ce, in ba haka ba ta mayar da takardarta jaka.

Na ɗora ruwa, na zuba taliya. Na soya albasa, na zuba kifi. Ta tsaya a kaina tana duba agogo, da minti uku ya cika ta buɗe kwalin ta miƙo mini. Na karɓa. Na dubi kaskon, na dubi takardar. Wallahi na ga Fati a tsaye da tukunyata tana cewa, "A'a, Hajiyar Italiya, har an dawo?" Hannuna ya karkata, saura kaɗan. Sai na ajiye kwalin na kashe wutar kaskon.

Na ce, "Ayishetu, wannan karon ki faɗa duka, in kin rage Allah ya gani. Shekara arba'in ina soya kifi ban cuci kowa ba. Ba zan fara da tsohuwar da ba ta iya tashi ta gudu ba."

Na je na kamo hannun Nonna na ɗaga wa Madam. Na ce, "Ki duba. Ki duba abin da kifinki da nononki suka yi."

Ayishetu ta fassara, kuma na san ta faɗa duka, domin fuskar Madam ta yi ja kamar kifin. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Nonna ta buga hannun kekenta. Ban taɓa sanin akwai ƙarfi a jikin matar nan ba sai da ta damƙe wuyan hannuna. Ta ture hannun rigar sanyina sama har gwiwar hannu, ta jera hannunta kusa da nawa a kan tebur. Nawa baƙi, nata fari, amma tabon iri ɗaya ne, a wuri ɗaya, ya fi yawa a hannun dama wajen babban yatsa. Na saba da nawa har na daina ganinsu.

Ta yi magana, wadda ta fi duk abin da na ji ta faɗa a wata guda. Can sai na ji wani irin sauti daga wayar. Ayishetu ce take ƙoƙarin numfashi.

Na ce, "Ki daina dariya ki yi aikinki."

Ta ce, "Mma, tsohuwa ya ce ba ciwo ba ne. Mai ne. Shekara talatin yana soya kifi a bakin teku a garinsu, yana sayar wa masu jirgin ruwa. Ya ce tun ranar da ka shigo ya ga hannunka ya san ɗan'uwansa ne ya zo."

Na ja kujera na zauna.

Nonna ba ta gama ba. Ta ce tun Talatar farko ta san ba panna ba ce, ita da ta yi rayuwarta a bakin kasko. Ta ce a garinsu ma ba a zuba madara a kan kifi. Na ce a tambaye ta ko su ma suna tsoron fata. Ta ce a'a, su kifin suke jin kunya, wulaƙanci ne a yi wa kifi haka, wannan yayin 'yan birni ne. Shekara uku tana tura farantin gefe, ba wanda ya tambaye ta dalili, sai dai a kira likita.

Madam ta ce, "To man shanun fa, Mama? Kin zauna ana shafa miki abincin karin kumallo a hannu?"

Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa. Ta faɗi wani abu gajere tana kallon kyanwa. Wannan karon Ayishetu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya ce tun da mijinsa ya mutu ba wanda ya riƙe hannunsa ya daɗe haka."

Taliya tana ta tafasa har ta wuce lokacinta. Madam ta juya mana baya ta tsaya a gaban tagar. Da ta juyo idonta ya yi ja, kuma faɗa ta kama yi, da ni da uwarta da wayar gaba ɗaya. Ta ce ita wannan abincin ta iya. Shi ne abin da mutum zai taso daga aiki a gajiye ya yi cikin minti ashirin, ya ciyar da uwarsa, ya kama hanya ya je ya ciyar da nasa gidan. Shekara uku tana yi kafin a samu mai aiki, ba wanda ya ce mata sannu, ashe ma tura shi ake yi gefe. A nan na ji kunya, domin na san gajiyar da take faɗa. Na sha komawa gida daga tasha in ba yarana garin rogo da suga in ce musu abinci ne.

Ba ta cire kot ɗinta ba. Ta ɗauko wani kasko, ta raba kifin biyu, ta sake kunna wuta, ta juye panna a nata tana juyawa kamar da shi take faɗan. Ta nuna mini ɗayan da cokali. Na zuba agushina. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon wata, Nonna tana bayanmu tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta, a rage wuta, a ƙara gishiri.

Aka ajiye faranti biyu. Madam ta ja nawa gabanta, ta tura mini nata. Ta ce ita za ta ci abin da na ba uwarta wata guda ba da saninta ba. Ni ma in ci abin da na ce guba ne. Idan na ci, magana ta ƙare.

Na ce, "Ayishetu, idan wani abu ya same ni, ki gaya wa yarana a Bawku Seidu ne sila."

Ta ce, "Ka ci, Mma. Ni shekara takwas ina ci."

Na ce, "Shi ya sa ba ki taɓa cire safar hannu a gabana ba."

"Sanyi ne, Mma."

Na yi bisimilla, na ƙara da kalmar shahada don kada a ce ban yi shiri ba. Na kai loma. Abin da ya fi ba ni haushi a duk tafiyar nan, har da Seidu, shi ne abin yana da daɗi. Laushi, da ɗan tsamin lemo a ƙarshe. Yaji ne kawai babu. Na ci loma uku na ajiye cokali, na ce ya isa shaida.

Madam kuwa ta ci nawa, ta sha ruwa, ta share hanci, ta ƙara ci. Ba ta ce yana da daɗi ba, ni ma ban ce nata yana da daɗi ba. Ta ɗebi agushi a 'yar leda ta ce za ta nuna wa likita, idan ya yarda shi ke nan. Ta ce daga yau abin da zan canja in faɗa mata a fuska. Na ce na gane, kuma wannan karon na gane ɗin. Ta sa hannu a wurinta, ta bar takardar a tebur ta ce in sa nawa idan na ga na kwana lafiya.

Washegari bayan sallar asuba ban koma kwanciya ba. Na jira gari ya waye sosai, na je bakin taga na duba hannuwana gaba da baya, na duba wuya da bayan kunne a madubi. Ba sabon tabo, sai tsofaffin na Salaga da Yendi da Bawku. Loma uku ce dai, ba a yanke hukunci da loma uku, kuma har yau ban ce uwata ta yi ƙarya ba.

Na sa tabarau na zauna na rubuta sunana a takardar, Habiba Musah, harafi bayan harafi yadda malamar ajin yamma ta koya mini, ba dangwale ba. Na ɗauki waya na aika wa Fati saƙon murya, na ce tukunya ta zama tata har abada, ta riƙa wanke gindinta da kyau, kuma ta nemi mai zuwa ta aiko mini da agushi mudu uku. Sannan na ɗauko ragowar panna ta jiya na juye a kwalba na fara girgizawa. Nonna ta turo kekenta bakin ƙofa, ta naɗe hannun rigarta tana jira.